An yi min ƙarin girma amma na rasa gane kan aikin, waɗanda suka riƙe babban muƙami ku ba ni shawara don Allah

SabonRiƙo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan amma ban taɓa cewa komai ba sai yau, don abin ya cika min ciki kuma a wurin aiki yanzu ba ni da wanda zan buɗe wa.

Wata huɗu ke nan da aka ɗaga ni zuwa darakta mai kula da ayyuka a kamfanin da nake. Shekara 13 na yi a wurin, daga ƙaramin ma'aikaci har na kai manajan sashe, yanzu kuma manajoji biyar ne a ƙarƙashina kowa da nasa mutanen, in an haɗa duka mun kusa mutum 70. Ranar da aka miƙo min takarda na yi murna ƙwarai, abin da na daɗe ina roƙon Allah ne. To amma wallahi tun da na shiga ofishin nan ban ƙara tashi daga aiki da jin cewa yau na yi wani abin kirki ba. A da in na tashi na san me na gama, ga rahoto na haɗa, ga matsala na warware da hannuna. Yanzu daga mitin sai mitin, in fito wannan in faɗa wancan, yamma ta yi in duba in ga ba abin da zan nuna, sai dare ya yi in buɗe kwamfuta in kama gyara rahotannin da manajojina suka turo, don in na karanta sai in ga ni ba haka zan tsara ba, kuma gyarawa da kaina ya fi min sauri a kan in tsaya yi wa mutum bayani. Akwai ranar da na kai ƙarfe ɗaya na dare a kan rahoton da ba nawa ba.

Wani abu da ya faru makon jiya shi ya sa na yi wannan rubutun. Ina wucewa ta wani sashe na hango jadawali a fuskar kwamfutar wata yarinya, sai na ce mata "af, me ya sa ake jera wannan wata-wata ba mako-mako ba?" Tambaya ce kawai, na wuce na manta. Bayan kwana uku manajansu ya shigo da fayil yana cewa ranka ya daɗe mun gama canjin da ka ce. Ashe mutum huɗu suka ajiye aikinsu kwana biyu cur suna juya jadawalin shekara guda, wai darakta ya ba da umarni. Jikina ya yi sanyi.

Ga kuma abokaina na da. In na shiga ofishinsu hira sai ta tsaya, kowa ya gyara zama. Gurup ɗinmu na WhatsApp da ba ya shiru yanzu sai gaisuwar safe, na san sun buɗe wani ba ni a ciki. Wanda ya fi damuna shi ne mutumin da ya koya min aikin nan tun ina sabo, ya girme ni, har gobe Oga nake ce masa, shi ma ya nemi kujerar aka ba ni. Bai taɓa yi min rashin mutunci ba, amma duk abin da na kawo a mitin amsarsa ɗaya ce, "yadda ka ce haka za a yi", kuma sashensa ya fara ja baya a fili. Ta ina zan fara yi masa magana? Sannan wannan jin da nake yi cewa ba na aikin komai, haka kowa yake ji ko dai ni ne kujerar ta fi ƙarfina?

TsohonMa'aikaci ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon sauke nauyi. Na karanta rubutunka sau biyu don kamar labarina kake bayarwa, shekara 9 na yi a irin kujerar nan kafin in yi ritaya.

Abin da ba wanda ya zaunar da kai ya faɗa maka shi ne ba ƙarin girma kawai aka yi maka ba, sana'a aka canza maka. Wancan aikin da ka ƙware a kai har aka ga ka cancanta, an karɓe shi an ba wasu. Naka yanzu shi ne mutum biyar ɗin nan su iya, su san inda aka dosa, su sami abin da suke buƙata, kuma in abu ya cije ka yanke hukunci. Aikin nan ba ya barin takarda a kan tebur da yamma, shi ya sa kake ganin kamar ba ka yi komai ba. In kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza.

Maganar gyaran rahoto da dare kuwa, don Allah ka daina daga yau. Ni na yi shi kusan shekara guda kuma na ga inda ya kai ni. Akwai wani manaja da nake da shi mai ƙoƙari sosai, sai na lura rahotonsa kullum ƙara lalacewa yake, lissafi bai haɗu ba, shafi biyu sun saɓa wa juna. Na kira shi na ce wane me ya same ka? Ya yi shiru, can ya ce "yallaɓai ko na ɓata dare na tsara, gobe in na ga wanda ya je sama ba nawa ba ne, to sai na ga gara in turo da wuri ka gyara yadda kake so." Bai faɗa da raini ba, gaskiya ya faɗa min. Ni da hannuna na koya masa sakaci. Daga ranar na koma in rahoto ya zo in rubuta tambaya biyu ko uku a gefe in mayar masa, in ce jibi ka dawo da shi. Watanni biyun farko abin ya yi min ciwo, don akwai rahotannin da suka tafi sama ina ganin da ni na yi da sun fi haka kyau. Amma ka tambayi kanka duk lokacin da hannunka ya yi ƙaiƙayi, wannan kuskure ne ko kuwa dai ba salona ba ne? Za ka tarar mafi yawa ba kuskure ba ne.

Batun jadawali kuma, bakinka ya yi nauyi yanzu, sai ka san da haka. Abin da ka faɗa a tsaye a bakin ƙofa, kafin ya sauka hawa biyu ya zama doka, kuma ba wanda zai dawo ya tambaye ka da gaske kake ko tunani kake da baki, kunya da tsoro ba za su bari ba. Ni abin da na saba yi shi ne in raba maganata gida uku kuma in faɗa a fili wacce ce: wannan tambaya ce kawai kada a taɓa komai, wannan shawara ce kuna iya ƙi, wannan kuma umarni ne. Da farko za su yi ta kallonka, daga baya su da kansu za su fara tambaya "Oga wannan wacce ce a ciki?" Kuma in kana da abin cewa a kan aikin ƙaramin ma'aikaci, ka bi ta hannun manajansa, in ba haka ba kana karya shi a gaban yaransa ba ka sani ba. A mitin ma ka riƙa zama na ƙarshe wajen faɗin ra'ayi. In ka fara, an gama mitin, sauran gyaɗa kai ne.

Gurup da suka buɗe kuma ka bar musu abinsu, haƙƙinsu ne su sami inda za su yi ƙorafin oga. Kai ma ka yi a lokacinka.

MaiKulaDaMa'aikata ta rubuta:

Malam SabonRiƙo barka da wannan matsayi. Ni a sashen kula da ma'aikata nake, kuma kusan duk wanda muka ɗaga zuwa irin wannan mataki sai ya zo ofishina cikin wata shida na farko da wannan maganar taka, wasu har da cewa ko a mayar da su inda suke. Don haka ka kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne.

Matsalar tsohuwa ce, tun 1969 wani masanin ilimi ɗan Kanada, Laurence Peter, ya yi magana a kanta, cewa ma'aikatu suna ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake kai, a yi ta ɗaga shi har a kai shi inda bai iya ba. A 2019 ma an wallafa wani bincike a kan ma'aikatan talla na kamfanonin Amurka, aka ga waɗanda suka fi iya sayar da kaya su aka fi mayarwa manajoji, amma kuma da suka zama manajojin ba su suka fi iya riƙe mutane ba. Ba wai ina cewa kujerar ta fi ƙarfinka ba ne, a'a, nufina laifin tsarin ne da yake ba mutum sabon aiki ba tare da an koya masa ba, sannan a sa masa ido. Shugabanci abu ne da ake koya kamar yadda ka koyi na farkon, kuma kana da damar ka je ka nemi a tura ka horo ko a haɗa ka da wani babba da zai riƙa duba ka, neman haka ba gazawa ba ce.

Mitin da kake kuka da shi kuma, a 2018 wasu malaman jami'ar Harvard biyu, Michael Porter da Nitin Nohria, sun fitar da sakamakon bin diddigin lokacin shugabannin manyan kamfanoni 27, suka ga kashi 72 cikin 100 na lokacin aikinsu a mitin yake tafiya. Ka ga ke nan mitin ɗin shi ne aikin a wannan mataki. Abin dubawa shi ne wanne ne sai da kai, wanne za ka tura wakili, wanne kuma imel ma ya wadatar. Ka ɗauki kalandarka ta wata ɗaya da ya wuce ka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ka zauna daga farko har ƙarshe ba a buƙaci hukuncinka ba ka sa masa alama.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai a rubutunka ba mitin ba ne, shirun da ake yi in ka shigo ne. Ba don zumunci ba, don labari. Duk yadda mutum ya ƙara sama haka gaskiya take ƙara nisa da shi, kowa sai ya tace ya wanke kafin ya kawo maka. Wata farfesa, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990 a kan kurakuran ba da magani, ta zata tawagar da ta fi zaman lafiya da shugabanta ita za ta fi ƙarancin kuskure, sai ta ga su suka fi kawo rahoton kuskure. Ashe ba fin kowa kuskure suka yi ba, su ne ba sa tsoron faɗa. To ka lura da fuskarka ranar farko da wani ya kawo maka mummunan labari, duk mutum 70 ɗin nan za su ji yadda ka karɓe shi kafin a tashi aiki. In ka yi faɗa, ka rufe ƙofar ke nan, sai dai ka riƙa jin matsala bayan ta fashe. Ka ware wa kowane manaja minti 30 a mako ku biyu kawai, shi ya zo da abin da za a tattauna ba kai ba, kuma kada ka riƙa ɗagawa saboda wani abu ya taso.

ƘaraminMa'aikaci ya rubuta:

Ranka ya daɗe ni ban taɓa riƙe komai ba, amma bari in faɗa maka yadda muke gani daga ƙasa. Mu ma an ɗaga wani daga cikinmu bara kuma mun buɗe wani gurup ɗin, wlh ba don mun tsane shi ba, kawai ba mu san me zai ɗauka wasa me zai ɗauka ya kai sama ba. Abin da ya fi ba mu wahala da shi shi ne yau ya zo yana raha kamar da, gobe ya zo ya ɗaure fuska don ya nuna shi ne oga, ba ka san da wanda za ka haɗu ba. Da zai tsaya a hali ɗaya da mun huta. Kuma in an yaba aikin sashe a sama ka sauko ka faɗa mana, ka ambaci sunan wanda ya yi, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

BaKwana ya rubuta:

Ni dai ina da ɗan ja a kan maganar Baba TsohonMa'aikaci, a yi min afuwa. Sakar wa mutane aiki daidai ne, amma ba a sakin igiya gaba ɗaya rana ɗaya ga mutum biyar da ba ka gama sanin ƙarfin kowa ba. A cikinsu akwai wanda za ka ce masa je ka yi in ka gama ka sanar da ni, akwai wanda sai kun zauna ya nuna maka tsarinsa kafin ya fara, kuma in abin ya lalace a sama ba sunan manaja za a kira ba, naka za a kira. Ni ma'aunin da nake amfani da shi, wanda Jeff Bezos na Amazon ya taɓa bayyanawa, shi ne hukunci iri biyu ne, akwai ƙofar da in ka shiga kana iya dawowa akwai wadda ba dawowa. Tsarin jadawali, rabon aiki na mako, waye zai je wane taro, bar musu ko sun yi kuskure a gyara. Ɗaukar ma'aikaci, sallama, sa hannu a kwangila, babban kashe kuɗi, nan kam ka zauna a kai da idonka biyu.

Na biyu, kowa yana ta maganar na ƙasa an manta da na gefe da na sama. Abokan aikinka na gaskiya yanzu su ne sauran daraktoci, ba manajojinka ba. In ba ka san me ke hana daraktan kuɗi barci ba, ranar kare kasafin sashenka za ka sha mamaki. Ka je ofishinsu ɗaya bayan ɗaya tun ba ka da buƙata. Shi ma maigidanka ka tambaye shi kai tsaye, nan da wata shida me zai gani ya ce ka yi nasara? Da yawa suna shekara suna gudu a kan abin da ba shi aka ɗora su su yi ba.

Maganar Oganka kuma, ka yi haƙuri, wata huɗu ka yi kana kauce masa, kuma sauran huɗun suna kallo. In suka ga sashensa yana ja baya ba a ce komai ba saboda shi ya koya maka aiki, ka ba kowa lasisi. Girmamawa daban, aiki daban. Ka same shi a wannan makon.

SabonRiƙo ya rubuta:

Na gode ƙwarai da gaske 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Na ɗan yi shiru ne don ina son in gwada kafin in dawo.

Na je wurin Oga. Ban kira shi ofishina ba, ni na taka na same shi a nasa bayan an fara watsewa, na ja kujerar da nake zama a kai shekarun baya in ya kira ni gyaran aiki. Na ce masa Oga na san kai ma ka nemi kujerar nan, kuma ban taɓa buɗe baki na yi maka maganar ba, wannan kuskurena ne. Na ce duk abin da na iya a gidan nan a hannunka na fara koya, kuma "yadda ka ce" ɗin nan da kake ce min ba ta taimakona, na fi buƙatar ka ce min wannan ba zai yiwu ba kamar yadda ka saba. Ya daɗe yana juya biro a hannunsa bai ce komai ba. Da ya buɗe baki sai ya ce ba rashin samun kujerar ne ya fi yi masa zafi ba, a'a, a watan farko na canza tsarin rabon aiki na sashensa ban tambaye shi ba, a bakin yaransa ya ji. Wallahi na ma manta na yi haka, a lokacin gani nake gyara ne ƙarami. Na ba shi haƙuri. Sannan na daure na kawo maganar ja bayan sashen, na ajiye masa alƙaluman wata uku a gabansa, bai musa ba, muka tsayar zai kawo min tsarinsa na gyara ranar Litinin.

Ba zan ce komai ya koma daidai ba, har yanzu akwai nauyi tsakaninmu, kuma ban san ko zai zauna ko zai nemi wani wurin ba. Amma a mitin ɗin jiya da na kawo wata shawara, na yi yadda Baba ya ce na faɗa musu shawara ce, sai ya ɗago ya ce shi bai ga za ta yi aiki ba, ya kawo dalili biyu, kuma ɗaya daga ciki gaskiyarsa ne.

Rahoton dare na daina, sau ɗaya kawai na karya. Abin da ya rage min yanzu shi ne mitin ɗin daraktoci, in aka shiga maganar kasafi da ribar kamfani sai in ji kamar wani yare ake yi, kuma ina jin nauyin tambaya a gaban mutane.

TsohonMa'aikaci ya rubuta:

Madalla ƙanena, ka yi abin da ya fi wuya. Malam BaKwana ma ya yi gaskiya a kan ƙofofin nan biyu, na karɓa.

Kasafi kuma kada ka koye shi a cikin mitin. Ka nemi daraktan kuɗi ko mataimakinsa, ka ce ka ba ni awa ɗaya, ka tafi da rahoton kuɗi na watan jiya a buge a takarda da biro a hannunka, ku bi shi layi-layi, duk kalmar da ba ka gane ba ka tsayar da shi ka rubuta a gefe. Ka fi mai da hankali a kan abu uku, daga ina kuɗi ke shigowa, sashenka nawa yake ci, kuma wane layi ne in ya motsa hankalin shugaban kamfani yake tashi. Mutanen lissafi suna jin daɗin wanda ya zo tambaya tun kafin ya kashe kuɗin. Ka yi haka wata uku a jere, kafin kowane mitin, kuma ka shiga da tambaya ɗaya da ka riga ka rubuta. Ranar Litinin in Oganka ya kawo tsarin nasa, ka bar biro a aljihu har sai ya gama bayani.